Motar Safa Har Ƙofar Gida

Za mu faɗi albarkacin bakinmu game da sufuri a ƙasarmu ta Maradun da Bakura da Talata Mafara.

Tun 1978 da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, manoman waɗannan ƙananan hukumomi uku suke noman shinkafa da albasa da tumatir rani da damina. To, amma noma daban, kai amfani kasuwa daban. Mutumin Gidan Goga da yake son ya ci kasuwar Talata Mafara sai ya yi sammako ya tsugunna bakin hanya, bai san sa'ad da mota za ta zo ba, balle nawa za a nema a hannunsa. In a-kori-kura ta zo, sai ta cika maƙil da mutane da awaki da buhuna kafin ta tashi, kuma kafin a isa kasuwa ta fara watsewa.

A 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa shirin sufurin jama'a, jihohi suka sami motocin safa. Hukumar sufuri ta Jihar Katsina, wato KTSTA, ta nuna cewa motar hukuma tana iya daɗewa tana aiki. Sai dai galibin irin waɗannan motoci manyan garuruwa suke haɗawa, suna bin kwalta, ƙauye kuwa ko oho. Da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa fiye da 500, talakan ƙauye ne ya fi kowa jin jiki.

Abin da muke roƙo shi ne safa mai tsayayyen lokaci da tsayayyen kuɗi. Idan manomi ya san ƙarfe bakwai za ta tashi, ba zai karyar wa dillali da kayansa ba. Mai ciki za ta je awo ba tare da an ɗora ta bisa babur ba. Ɗalibin Kwalejin Abdu Gusau ta Talata Mafara, ko ta aikin gona da ke Bakura, zai iya zuwa ganin iyayensa ya dawo kan kari.

Mun san 'yan bindiga sun sa hanyoyinmu sun zama abin tsoro. Don haka a riƙa tafiya da rana, tare da rakiyar jami'an tsaro, musamman ranakun kasuwa. Hanyar da aka daina bi, ita ɓarawo yake gada.

Muna kira ga gwamnatin Jihar Zamfara da shugabannin ƙananan hukumominmu da su fara da mota ɗaya daga Gidan Goga zuwa Talata Mafara ta Maradun kowace Talata. Mu ɗalibai kuma mu kai wannan magana gaban hakimanmu idan mun je hutu. Da yayyafi kogi kan cika.