Numfashin Ƙasa: Musayar Kabon da Zafi Tsakanin Ƙasa da Sama, da Yadda Ta Shafi Birnin Kudu da Gwaram



Gabatarwa

Watakila wani zai ce, me ya haɗa malamin Hausa da zancen kabon, abin da yake aikin masana kimiyya? Amsa ita ce, mutanen da suke riƙe da ƙasar da ake bincike a kanta, da Hausa da Fulatanci suke tunani, kuma duk ilmin da bai shiga harshen mai gona ba, ba zai shiga gonar ba. Abin da nake so in nuna a yau shi ne, ƙasa irin ta kudancin Jihar Jigawa tana da babban matsayi cikin lissafin iskar duniya, amma aune-aunen da ake yanke mata hukunci da su, galibi a wasu wurare aka yi su. Zan fara da bayanin musayar ita kanta, sa'an nan yadda ake auna ta, da abin da aka gano, kana in dawo kan Birnin Kudu da Gwaram.

Mene ne kabon?

Kowa a nan ya san gawayi. To, gawayi kusan kabon ne tsantsa. Idan aka busar da ice har ya bushe ƙayau, kimanin rabin nauyinsa kabon ne. Haka yake cikin karan dawa, da ƙwayar gero, da kashin shanu, da jikin ɗan Adam. Abin mamaki shi ne, itace ba daga ƙasa yake samun wannan kabon ba. Daga iska yake zuƙo shi. A jikin kowane ganye akwai 'yan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani. Da hantsi ya fito sai su buɗe, su ja iskar kabon, ganyen ya haɗa ta da ruwan da saiwa ta kawo, ya yi amfani da hasken rana ya ƙera abinci, ya saki iskar oksijin da muke shaƙa. Wannan shi ne jan numfashi. Sakin numfashi kuwa yana faruwa dare da rana: tsiro yana ƙona wani kaso na abincinsa domin ya rayu, ƙananan halittun cikin ƙasa da gara suna cin ruɓaɓɓen ganye, dabba tana numfashi, wutar daji tana ci, murhu yana ci. Duk waɗannan suna mayar da kabon sama. Bambancin da ke tsakanin abin da aka ja da abin da aka saka, shi ne ribar ƙasa ko hasararta a shekara.

Dalilin da ya sa duniya ta damu da wannan lissafi shi ne, iskar kabon tana tsare zafi kamar yadda bargo yake yi. Kafin zamanin masana'antu, yawanta a iska kashi 280 ne cikin miliyan. A 1958, da Charles Keeling ya fara auna ta a kan dutsen Mauna Loa na tsibirin Hawai, ya tarar da ita wajen 315. A 2023 ta haura 420. Keeling ya kuma lura da wani abu: a kowace shekara adadin yakan sauka lokacin da dazuzzukan arewacin duniya suka yi ganye, ya hau idan sun zubar. Watau ya ga numfashin duniya a kan takarda. A halin yanzu, tsirrai da ƙasa suna shanye kusan kashi 30 cikin ɗari na abin da ɗan Adam yake fitarwa, teku kuma wajen kashi ɗaya cikin huɗu, sauran yana taruwa a sama.

Rabon zafin rana

Musaya ta biyu ita ce ta zafi, kuma ta fi ta farko kusa da jikinmu. Idan hasken rana ya sauka a ƙasa, yakan kasu. Wani kaso ƙasa take mayarwa sama nan take, kamar madubi; farin rairayi ya fi mayarwa, baƙar ƙasa da korayen ganye sun fi riƙewa. Abin da aka riƙe kuwa hanya uku yake bi: ko ya shige cikin ƙasa, ko ya gasa iska, ko ya mai da ruwa tururi. Hanya ta ukun nan ita ce mai cin zafi da yawa, domin zafin da zai ƙafar da kofi ɗaya na ruwa ya ninka fiye da sau biyar wanda zai kai shi ga tafasa. Wannan shi ne asirin randa: ruwan da yake tsatsafowa ta jikinta yana tashi da zafi, ya bar na ciki da sanyi. Itace ma randa ce a tsaye. Ta ƙofofin nan da ganye yake jan kabon, ta nan ruwa yake fita, saboda haka ba a raba cinikin kabon da na ruwa. Shi ya sa inuwar tsamiya ta fi inuwar kwano sanyi.

Bahaushe ya daɗe da sanin wannan rabo, har ya sa wa kowane babi suna. A bazara ƙasa ta bushe, zafin rana ba shi da ruwan da zai ci, sai ya afka wa iska. A marka kuwa, mafi yawansa tururi yake tayarwa. Kaka lokacin ƙirga riba ne, hunturu kuma lokacin da ƙasa take barci.

Yadda ake aunawa

Masana sukan kafa hasumiyar ƙarfe a tsakiyar gona ko daji, ta ɗara tsirran wurin tsawo. A kanta akwai na'ura mai auna motsin iska sama da ƙasa, da wata mai auna kabon da tururin da ke cikin iskar, sau goma ko ashirin a kowace daƙiƙa. Iska ba ta tafiya miƙe, tana murɗawa ne kamar ƙananan guguwa. Idan iskar da take sauka ta fi mai tashi kabon, to, gonar tana ci ke nan. Idan mai tashi ce ta fi, tana fitarwa. Ana tara lissafin duk rabin sa'a, shekara da shekaru. Akwai ɗaruruwan irin waɗannan hasumiyoyi a duniya, an haɗa sakamakonsu ƙarƙashin wani tsari mai suna FLUXNET, amma mafi yawansu a Turai da Amurka suke. Na Afirka kaɗan ne ƙwarai.

A yankinmu, babban gwaji na farko shi ne HAPEX-Sahel, wanda aka yi a kewayen Yamai, aka tsananta aikinsa daga Agusta zuwa Oktoba 1992, a gonakin gero da saurukan da aka bari su huta da kuma daji. Bayansa shirin AMMA ya biyo daga 2002, da tashoshi a Mali da Nijar da Benin, ciki har da ta ƙauyen Wankama a gabas da Yamai. Akwai kuma tashar Dahra a Senegal da ta Demokeya a Sudan.

Abin da aka gano

Zan ambaci abu huɗu. Na farko ya shafi laifi. Bayan farin 1972 zuwa 1974, wani masani Ba'amurke, Jule Charney, ya kawo ra'ayi a 1975 cewa idan kiwo ya cinye ciyawa, ƙasa takan yi fari, ta mayar da hasken rana, iskar sama ta huce, hadari ya ƙi haɗuwa. Ra'ayin yana da hujjar lissafi, amma da ya fita daga hannun masana sai ya zama bulalar dukan makiyayi da manomi, wai su suka kori ruwa da hannunsu. Binciken da ya biyo baya, musamman na 1986 da na 2003, ya nuna cewa sauyin zafin tekuna shi ne babban musabbabin farin, halin da ƙasa take ciki yana ƙara masa ƙarfi ne kawai. Ku lura da wannan: an yi shekaru ana tsara manufofi bisa zargin da ba a auna ba.

Na biyu, ƙasa tana da hannu cikin inda hadari yake tashi. Christopher Taylor da abokan aikinsa sun nuna a 2011 cewa a yankin Sahel, hadarin la'asar ya fi haɗuwa a inda busasshiyar ƙasa ta yi iyaka da jiƙaƙƙiya, domin bambancin zafinsu yana tayar da iska mai ɗaga tururi sama.

Na uku, ruwan farko na shekara, wanda ƙamshinsa yake sa manomi ya ɗauko sungumi, yana farkar da halittun cikin ƙasa, su saki kabon mai yawa cikin 'yan kwanaki, tun tsiro bai fito ba. H. F. Birch ya bayyana wannan a Afirka ta Gabas tun 1958.

Na huɗu shi ne mafi girma. Bincike biyu, na 2014 da na 2015, sun nuna cewa hawa da saukar abin da ƙasar duniya take shanyewa daga shekara zuwa shekara, galibinsa daga ƙasashe masu matsakaicin ruwa irin namu yake fitowa, domin damina mai kyau tana sa su ci da yawa, fari kuma ya sa su amayar. Daɗin daɗawa, a 2023 aka buga ƙidayar da aka yi da hotunan tauraron ɗan Adam, ta itatuwa kusan biliyan 10 a busassun ƙasashen da ke tsakanin Tekun Atlantika da Bahar Maliya, ɗauke da kabon kimanin tan miliyan 840. Da yawansu a gonaki suke tsaye ɗaiɗai, inda taswirar daji ta dā take nuna fili.

Birnin Kudu da Gwaram

Hannun ɗan Adam ya daɗe a kan wannan ƙasa. A Dutsen Mesa da Dutsen Habude na Birnin Kudu akwai zanen shanu a jikin duwatsu, waɗanda Bernard Fagg ya yi rubutu a kansu a shekarun 1950. Shanun ba su da tozo, sun bambanta da waɗanda ake kiwo a yau. Saboda haka abin da matafiyi yake gani daga Sundimina zuwa Sara da Basirka, watau gonakin dawa da gero da gyaɗa da riɗi waɗanda ɗorawa da kuka da tsamiya da kanya da gawo suka yi musu rumfa, aikin zaɓe ne na kaka da kakanni. Kowace bishiya an bar ta ne da dalili: ɗorawa don kalwa, kuka don miya, kanya don 'ya'ya. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya nuna tare da abokan aikinsa cewa a karkarar Kano mai cunkoson jama'a, manoma sun riƙe yawan itatuwan gonakinsu duk da buƙatar makamashi ta birni.

A cikin itatuwan nan gawo ya fita daban. Hausawa suna yi masa kirari da ƙin ruwan Allah, domin da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore shar. Ma'anar wannan a lissafinmu ita ce, yana numfashi a lokacin da sauran ƙasa take barci, da ruwan da doguwar saiwarsa take jawowa, ba ya tare wa gero rana, kuma ganyensa da kashin dabbobin da suke hutawa a gindinsa suna ƙara wa ƙasa taki.

Haɗarin da ke gabanmu a bayyane yake. Ana ƙona kilo 5 zuwa 10 na ice kafin a sami kilo ɗaya na gawayi, saboda haka kowane buhu da kuka gani a gefen titi, abin da ya tashi sama ya fi wanda ke cikinsa. Karan da ake kwashewa ƙaf, da shara da ake cinna wa wuta lokacin sassabe, suna barin ƙasa tsirara a gaban ranar bazara. Hasarar farko ta mai gona ce: ƙasar da ta rasa ruɓaɓɓen ganye ba ta riƙe ruwa, ba ta riƙe takin zamani.

Akwai darasi daga Maraɗi. Dokar daji da Nijar ta gada daga mulkin Faransa ta mai da itatuwa na hukuma, manomi kuwa ba ya renon abin da zai jawo masa tara. Daga 1983, tare da Tony Rinaudo, manoma suka fara barin tohon da yake fitowa daga kututture suna gyara shi, abin da suka kira sassabin zamani. Da hukuma ta sassauta hannu, an ƙiyasta cewa itatuwa kimanin miliyan 200 suka dawo a kan hekta miliyan 5 a yankunan Maraɗi da Damagaram. Ba dashe aka yi ba. Saiwar tana nan a ƙasa tana jira.

Kammalawa

Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da ko kashi 4 cikin ɗari na kabon da ake ƙonawa daga man fetur da kwal da gas. Duk da haka, kabon da ke cikin itace da ƙasa ya zama haja mai farashi, Nijeriya kuma ta yi dokar sauyin yanayi a 2021, kuma Jigawa tana cikin jihohi 11 na shirin Babbar Koriyar Katanga. Masu saye za su zo, kuma wanda ya je kasuwa ba shi da mudu, da mudun mai saye za a auna masa. Wankama tana nesa da mu da fiye da kilomita 700, ruwanmu ya fi nasu, ƙasarmu da itatuwanmu dabam ne.

Saboda haka ina da roƙo uku. Ga jami'o'inmu: a kafa hasumiyar awo a wata gona ta Birnin Kudu ko Gwaram, a ba ta kuɗin riƙo na shekaru goma aƙalla, domin damina ɗaya ba ta ba da labarin ƙasa. Ga ma'aikatan gandun daji da na aikin gona: a tabbatar wa manomi a rubuce cewa itacen da ya rena nasa ne, kuma duk yarjejeniyar kabon da za a kawo wa hakimi ko dagaci, a karanta ta da Hausa a gaban masu gonaki kafin a sa hannu. Ga ɗalibai kuwa, musamman na sashenmu: ku shiga ƙauyuka da littafi da alƙalami, ku tattara sunayen ƙasa, jigawa da fadama da laka da fako, da na iskoki da itatuwa, ku zauna da 'yan'uwanku na sashen kimiyya a daidaita kalmomin da za a koyar da wannan ilmi da su.