Tufafinmu Tarihinmu: Jawabi ga Ɗaliban Ƙasar Dogon Daji



Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. A shekarar 2022 gidan tarihi na Victoria da Albert da ke Landan ya buɗe nunin tufafin Afirka. Waɗanda suka shiga sun tarar da hotunan da Sanlé Sory ya ɗauka a Bobo-Dioulasso, da na James Barnor mutumin Gana, samari da 'yan mata sun ci ado sun tsaya gaban mai hoto. Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne, masu shirya nunin sun roƙi jama'a su kawo hotunan gidajensu, aka kuwa jera su tare da na gwanaye. Ashe hoton da ke ƙasan adakar tsohuwa shi ma tarihi ne.

A nan Nijeriya ma, tun 1968 marigayi J. D. Ojeikere ya duƙufa ga ɗaukar hoton kitson mata, har ya tara kusan 1,000, domin ya lura kitso yakan shuɗe ba tare da ya bar alama ba. A 2013 aka nuna su a birnin Venice na Italiya.

To, mu 'yan Dogon Daji da Tambuwal da Kebbe, me muka ajiye? Iyayenmu sun sa saƙi da barage da tsamiya, sun naɗa rawanin turkuɗi, sun yi hawan salla da riga mai aska takwas wadda maɗinki ya shafe watanni yana yi mata aikin allura. Yau keken ɗinki da yadin kanti sun mamaye kasuwa, masaƙa da marina sun ragu, gara kuwa tana cin tsofaffin hotuna.

Saboda haka muna ba da shawara: wannan hutu kowannenmu ya nemi izinin dattawan gidansu, ya ɗauki hoton tsofaffin riguna da zannuwa, ya rubuta sunan ɗinki da na wanda ya yi shi da shekarar da aka yi. Mu tara su, mu nuna a makarantun garuruwanmu, sa'an nan mu miƙa kwafi ga gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato. Idan muka yi jinkiri, tsofaffin da suka san sunayen nan za su tafi da su.

Allah ya ba mu ikon cikawa. Wassalamu alaikum.