Akwati da Igiya: Koyon Sarrafa Hoton Bidiyo Nan Take da Kwamfuta



Tsofaffin ma'aikata da ke cikin wannan zaure ba za su manta da zamanin da ake ɗaga kan tarho a roƙi ma'aikacin gidan waya ya haɗa mutum da wanda yake nema ba. Shi wannan ma'aikaci yakan zauna ne gaban wani allo mai ramuka, da igiyoyi a hannunsa. In ya soka kan igiya a wannan rami, ya soka ɗaya kan a wancan, sai magana ta bi ta wuce. Abin da laccar yau za ta tattauna jikan wannan allo ne, watau hanyar ba kwamfuta umarni ta zane. Maimakon a rubuta mata kalmomi layi bayan layi, sai a jera akwatuna a kan fuskarta, kowane akwati da aikinsa, sa'an nan a haɗa su da igiyoyi. Hoto ya shiga ta wannan akwati, a canza masa launi a na biyu, a gauraya shi da wani a na uku, ya fita ta majigi.

Masu fasahar da suka rungumi wannan hanya ba fim suke shiryawa ba. Shi fim akan ɗauke shi, a tace, a ajiye, gobe a nuna shi yadda yake jiya. Su kuwa waɗannan, abin da suke so shi ne mai rawa ya ɗaga hannu a dandamali, hoton da ke bayansa ya motsa tare da hannun. Ko baƙo ya shiga ɗakin nune-nune, bango ya sake kama saboda shigowarsa. Ana ƙera hoton ne a gaban idon mai kallo, kuma ba a yin kuskure a ce a sake ɗauka.

Asalin abin ya girmi kwamfutar tebur. A 1966 wani ɗalibi a jami'ar MIT ta Amurka, Bert Sutherland, ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan yadda za a zana wa kwamfuta umarni da alƙalami mai haske. Daga 1971 kuma Dan Sandin, malami a Jami'ar Ilinoi da ke Shikago, ya shiga ƙera wata na'urar sarrafa hoton talabijin wadda akwatunanta na ƙarfe ne, igiyoyinta kuma na gaske, ana cirewa ana sokawa da hannu. Abin yabo ga Sandin shi ne bai ɓoye sirrin ba, ya riƙa ba da taswirar na'urar kyauta ga duk mai son ya ƙera tasa.

Amma wanda ya fi kowa tasiri a wannan fage shi ne Miller Puckette, masanin lissafi Ba'amurke da ya yi aiki a cibiyar binciken kiɗa ta IRCAM a birnin Paris. A can ne, cikin shekarun 1980, ya ƙirƙiro manhajar da aka sani da Max, wadda aka raɗa wa suna don girmama Max Mathews, uban kiɗan kwamfuta. Don makaɗa aka yi ta. Philippe Manoury ya yi amfani da ita a kiɗansa mai suna Pluton a 1988. Bayan Puckette ya koma Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego, sai ya fitar da Pure Data a 1996, ya sake ta kyauta. Daga baya aka ɗora wa waɗannan biyu sassan sarrafa hoto, GEM ga Pure Data, Jitter ga Max. Wasu kuma suka biyo baya: vvvv daga Frankfurt ta Jamus, TouchDesigner daga Toronto ta Kanada, da Isadora wadda Mark Coniglio ya rubuta domin ƙungiyar rawarsu ta Troika Ranch.

To, a nan ne ake yaudarar ɗalibi, ko kuwa ya yaudari kansa. Akan ce masa wannan hanya ta raba shi da wahalar koyon harshen kwamfuta. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, gama ba zai kwana yana neman waƙafin da ya manta ba, kuma a ranarsa ta farko ma yana iya ganin fuskarsa a allo ta koma shuɗiya. Sai dai abin da aka ɗauke masa nahawu ne kurum. Tunanin yana nan bai rage ko ƙwayar zarra ba, kuma darussa biyu ne ke jiransa a gaba: lokaci, da wanda ya riga wani.

A fara da lokaci. Hoto mai motsi, kamar yadda aka sani, hotuna ne tsayayyu da ake jerawa da sauri har ido ya ruɗu. Talabijin irin na da yakan nuna 25 a kowane sakan. Ke nan kowane hoto yana da kashi 40 cikin 1,000 na sakan. A yau an fi son 60 a sakan, watau abin da bai cika kashi 17 cikin 1,000 ba. Cikin wannan ɗan taƙi ne tilas kwamfuta ta karɓi hoto daga kyamara, ta bi da shi ta dukan akwatunan da aka jera, ta miƙa wa majigi. Hoton da faɗinsa ya kai ɗigo 1,920, tsayinsa 1,080, yana ɗauke da ɗigo 2,073,600. In aka ninka sau 60, an haura ɗigo miliyan 124 a sakan guda. Kowane akwati da ɗalibi ya ƙara, wani yanki ne ya gutsura daga wannan ɗan lokaci. Ranar da jimlar ta zarce kason, sai hoto ya fara tsalle, mai rawa ya sauke hannu inuwarsa tana sama. Mai kallo bai san lissafin ba, amma nan da nan yakan ji a jikinsa cewa hoton ya daina sauraron mai rawa. Saboda haka ƙwararre yakan riƙa duba nawa kowane akwati ke ci, kamar yadda ma'aji ke bin kowane sisi, ya rage girman hoto inda ido ba zai lura ba, ya kuma guji yawan kai da kawowar hoto tsakanin babbar ƙwaƙwalwar na'ura da sashen da aka keɓe wa zane, domin wannan zirga-zirga tana da tsada ainun.

Darasi na biyu ya fi wuyar gani. A Pure Data, akwatin tara lissafi yana da ƙofofi biyu a samansa. In aka aika 3 ta ƙofar dama, babu abin da zai fito. Akwatin ya karɓa ya ajiye. Sai an aika 5 ta ƙofar hagu sa'an nan 8 ta fito ta ƙasa. Ta hagu ita ce mai tayar da aiki, ta dama ma'ajiya ce kawai. Yanzu a ce lamba ɗaya ce aka raba ta bi igiyoyi biyu zuwa ƙofofin nan biyu. Wace za ta riga isa? In ta hagu ce, akwatin zai tara sabuwar lamba da tsohuwar da ke ajiye, amsa ta fito ba daidai ba, alhali zanen a ido lafiya lau yake. A Pure Data abin ya danganta ne ga igiyar da aka fara ɗaurawa, abin da ba ya bayyana a zane sam. A Max kuwa ana bi ne daga dama zuwa hagu bisa ga inda akwatunan suke zaune, har ya zama mutum ya gusar da akwati don neman tsabta, ya wayi gari ya canza amsa. Manomin lambu ya san wannan tun fil azal: ruwan da ya taho ta rariya ɗaya ba ya cika fangali biyu a lokaci guda, sai an buɗe wa wannan an toshe wancan. Maganin a manhajojin biyu shi ne wani ɗan akwati da aikinsa kawai ya fitar da saƙo ɗaya bayan ɗaya bisa tsari sananne. Malamin da bai sa ɗalibinsa ya saba da wannan akwati a makon farko ba, lalle ya cuce shi.

Akwai kuma wata magana da ta fi shafar ma'aikatan da ke sa hannu a takardar sayayya. Aikin irin wannan ba ya rayuwa sai cikin manhajar da aka gina shi. A 1999 aka fitar da wata manhajar bidiyo mai suna nato.0+55 wadda masu fasaha suka yi rububinta, amma ba a daɗe ba aka daina raya ta. Kamfanin Apple ya fito da Quartz Composer a 2005, ya kuma sanar da jingine ta a 2019. Ayyukan da aka gina a kansu, da yawa sai an nemo tsohuwar na'ura kafin su tashi. Wannan ba ya nufin a ƙi manhajar saye. TouchDesigner, alal misali, tana da bugu na kyauta ga mai koyo, ko da yake an ƙayyade girman hoton da zai fitar, kuma a wajen hoto ta fi Pure Data ƙarfi nesa ba kusa ba. Amma sashen jami'a ko gidan tarihi da zai sayi irin wannan aiki ya kamata ya nemi a ba shi zanen akwatunan, da bayanin abin da kowanne ke yi a rubuce, ba na'urar kaɗai ba.

Ga mai son farawa, aiki ɗaya ya isa ya haɗa masa darussan nan duka. Ya sa akwatin kyamara, da akwatin da ke riƙe hoton da ya wuce, da na uku mai ɗebe wannan daga wancan. Inda babu motsi, hotunan biyu iri ɗaya ne, sai wurin ya yi baƙi; inda wani ya motsa, sai gefen jikinsa ya fito fari. Akwatuna uku ke nan, ga na'ura ta fara ganin motsi. Daga nan ne wahala za ta soma. In hasken ɗaki ya yi ƙasa, kyamara za ta cika hoton da ƙura, na'ura ta ɗauka kowa na motsi. In kyamara tana daidaita haskenta da kanta, gajimare ya gifta ta taga, dukan allon zai yi fari, don haka sai a kashe wannan. In kuma kyamara tana hango bangon da majigi ke haskawa, za ta ɗauki nata hoton a matsayin motsi, ta mayar wa majigi, abu ya yi ta zagayawa. Shi ya sa masu aikin dandamali sukan haska mai rawa da hasken nan da ke ƙasa da ja, wanda idon mutum ba ya gani, su kuma rufe idon kyamara da matacin da ba ya barin hasken majigi ya shiga.