Sadarwar Gayya: Abin da Ƙasar Doguwa Za Ta Duba

Wanda ya bar Tudun Wada ya nufi Doguwa ta dajin Falgore ya san inda waya kan yi shiru. Dalili kuwa shi ne, kowace magana sai ta hau ƙarfen sabis na kamfani kafin ta sauka wurin mai ita, ko da maƙwabci ne. In ƙarfen ya yi nisa, ko mai ya ƙare a injinsa, magana ta yanke. Haka kuma in an rufe shi da gangan, kamar yadda aka yi a Jihar Zamfara a watan Satumba na 2021, sa'an nan a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, don a toshe wa 'yan bindiga hanya. Ɗan kasuwa da mai naƙuda duk sun ɗanɗana.

Akwai wata dabara da ake kira sadarwa mai saƙar raga. A nan babu uban ƙarfe. Kowace waya ko ƙaramar rediyo tana karɓar saƙo ta miƙa wa ta kusa da ita, ita ma ta miƙa gaba, tamkar yadda fatake ke kai sallahu daga zango zuwa zango. Bambancin kawai, wannan sallahun a kulle yake da makullin lissafi. Mai ɗauke da shi ba ya iya karanta shi. In zango ɗaya ya mutu, saƙon ya sake hanya. Bluetooth ba ya wuce 'yan mitoci, amma rediyon LoRa, in an kafa shi bisa dutse irin na Riruwai, yakan kai kilomitoci, ko da yake gajeren rubutu kaɗai yake ɗauka.

Kada a ɗauka kowane makulli na kirki ne. Manhajar Bridgefy, wadda masu zanga-zangar Hong Kong suka dogara da ita a 2019, masana a Ingila sun nuna a 2020 cewa ana iya buɗe saƙonninta.

Ma'aikacin gwamnati zai ce, ai ɓarawon daji ma zai mori abin. Gaskiyarsa ce, kuma ba a kawar da wannan tsoro da fatar baki. Sai dai ɓarawon ba ya rasa hanyar magana. Manomi ne ke rasawa.

Amma lalle babbar matsalar ba ta na'ura ba ce, ta riƙo ce. A Mankosi ta Afirka ta Kudu, mutanen ƙauye sun kafa ragar Zenzeleni tun 2012 tare da Jami'ar Western Cape, suka mai da ita ƙungiyar gama-kai, ana cajin na'urorin da hasken rana. Watau gayya ce, amma gayyar da ba a watsewa da la'asar. Saboda haka kafin a sayi ko da batir ɗaya a Doguwa, sai dagaci da matasa da malaman makaranta su zauna su yanke: wa zai riƙe asusu, wa zai hau dutse da damina in tsawa ta ƙone na'ura, nawa kuma kowane gida zai biya a wata.