Balangu ba na maigida kaɗai ba ne

Yau maganar nama zan yi, kada ku yi dariya.

Bayan isha'i ku zaga unguwannin Maraɗi ko Damagaram, ku dubi bencin mai gashi. Su wa ke zaune? Mu ne, magidanta. Mutum ya sa a yanka masa balangu na jika guda, a zuba yaji da albasar Galmi, ya cinye da burodi, ya goge baki, ya hau moto. Can gida tuwo ne da miyar kuka, ko ƙashi babu. Alhali mace mai ciki, da mai goyo, da yaron da aka yaye, su ne ƙarancin jini da tamowa suka fi kamawa.

Ban ce a daina zuwa ba, mahauci ma iyali gare shi. A unguwarmu wani mai gashi ya shimfiɗa tabarmi bayan rumfarsa, ya kewaye da zana. Ran Juma'a na kai iyalina. Tire guda aka kawo, tsire da balangu, kowa ya sa hannu. Auta ta kame hanta, ta hana kowa. Jika uku na biya, kuɗin da nake cinyewa ni kaɗai cikin kwana uku. Wallahi kunya ta kama ni.

Ku kuma masu gashi, ku yi wa mata wurin zama, ku ajiye ruwa da sabulu. In za a kai gida, don Allah ku bar naɗe mana nama a takardar siminti.