Tsoron Asara a Harkar Filaye da Gidaje



An nemi in yi magana a kan sa kuɗi a harkar filaye da gidaje, to bari in fara da kuskurena. A 1985 wani abokin aikina ya yi mini tayin fuloti a bayan garin Kano. Kuɗin na hannuna, amma na ji labarin waɗanda aka sayar wa fili ɗaya su uku, sai na ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Na bar kuɗina a banki. A lokacin naira tana kafaɗa da kafaɗa da dalar Amurka. Da shirin SAP ya zo a 1986, darajarta ta faɗi, abin da na ajiye ya koma ko katangar fulotin ba zai yi ba. Ashe ajiyar ma kasada ce, ban dai gan ta ba.

Daga baya na gane ba filin nake tsoro ba, jahilcina nake tsoro. Sai na shiga tambaya. Na koyi cewa Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, cewa takardar mallakar filin gidan zama yawanci ta shekara 99 ce, kuma sayar da fili mai takarda sai da amincewarsa. Na koyi bambancin awon gwamnati da awon igiya.

Yanzu ba na biyan ko kwabo sai na yi abu huɗu. In bincika takarda a ma'aikatar filaye. In gana da mai unguwa da maƙwabta, ba dillali kaɗai ba. In filin gado ne, in ji daga bakin dukkan magada. Sannan in je da ƙafata a watan Agusta, domin filin da ya yi kyau da rani, da damina yana iya zama tafki.

Ban ce babu asara ba. Na taɓa yin ta. Amma kada ka sa kuɗin abincin iyali ko na makarantar yara. Ka fara da rabin fuloti, ka kewaye shi, ka yi haƙuri.

Malamanmu, ku kuka koya mana matambayi ba ya ɓata.