Garkar Gida a Lokacin Bazara: Darasi daga Arlit da Akokan

Bazara, wato daga Maris zuwa Mayu, ita ce zakaran gwajin dafi ga duk mai garka a Arlit. A arewacin jihar Agadas lokaci ne na kwashe amfanin sanyi da ceton abin da ya rage daga zafin da ke haura digiri 40. Salati da kabeji da karas da aka shuka tun Nuwamba sun gama zamaninsu, tumatir ma furensa kakkaɓewa yake idan rana ta ƙwalle.

Abin da ya dace da fangali a wannan lokaci shi ne kuɓewa, yakuwa, alayyafo, lalo, gurji da kankana. Zogale ya fi su duka amfani ga iyali, domin ana tsinkar ganyensa shekara cur, kuma inuwarsa ba ta danne na ƙasa da shi. Masu lambunan Timiya da Tabelot a tsaunukan Ayar sun daɗe da sanin hikimar shuka hawa-hawa: dabino a sama, lemo da rumman a tsakiya, ganye a ƙasa. Tsakar gida ma tana ɗaukar wannan tsari, ko da da bishiya biyu ne.

Ruwa shi ne tushen maganar. An kafa Arlit a 1969 saboda haƙar yuraniyom, a wurin da ruwan sama bai taka kara ya karya ba, kuma abin da garin ke sha daga tsohon ruwan ƙarƙashin ƙasa yake fitowa, wanda damina ba ta mayar da gurbinsa. Saboda haka ban ruwa da tsakar rana ɓarna ce. Da asuba ake yi, ko bayan la'asar sakaliya. Fangali a yi shi da ɗan zurfi yadda ruwa zai kwanta, a zuba takin awaki da ya ruɓe, a rufe da busasshiyar ciyawa, a kafa rumfar zana ko tsohon buhu, sannan a yi darni ta gefen da iska ke kwaso rairayi. Tulun ƙasa da aka binne har wuya kusa da saiwa yana tsattsafo ruwa a hankali kwana da kwanaki. Idan aka ga farin ɓawo kamar kanwa a saman fangali, gishiri ne ya taru: sai a kankare shi, a yi ban ruwa mai yawa sau ɗaya domin ragowar ya nutse.

Akwai kuma abin da ya bambanta Arlit da Akokan da garuruwa irin su Maraɗi ko Kano. Kamfanin SOMAÏR ya fara fitar da yuraniyom a 1971, COMINAK kuma ya yi aiki a Akokan daga 1978 har aka rufe shi ranar 31 ga Maris 2021, ya bar tsibin dusar ma'adini kimanin tan miliyan 20. Binciken da ƙungiyar CRIIRAD ta yi a 2003 da na ƙungiyar Greenpeace a 2009 sun gano tururin nukiliya a jikin tsofaffin ƙarafan da ake sayarwa a kasuwa. A samfurin ruwa huɗu cikin biyar da Greenpeace ta ɗauka, yuraniyom ya zarce ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya. Ƙungiyar Aghir In'Man ta Almoustapha Alhacen ta shafe shekaru tana jan hankali a kan wannan.

Ga mai garka, wannan ba zancen taro ba ne, zancen tukunyar miya ne. Kada a tara ruwa a durom ɗin da ba a san asalinsa ba, kada a yi shinge da ƙarfen da ya fito daga mahaƙa, kada a ciko fangali da tsakuwa ko ƙasar wajen. Ganye a wanke shi sosai saboda ƙura. Ido ba ya gane gurɓataccen ruwa, sai awo, kuma awo ya fi ƙarfin magidanci. Haƙƙi ne a kan hukumomi su auna rijiyoyi da famfunan da ake ban ruwa da su, su kuma bayyana sakamakon unguwa-unguwa cikin Hausa da Tamashek.